Dutsen Taimamar Inna

Shekarun baya, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, mahaifiyata ta yi jinya a gidanmu na Fagge. Ciwon fata ne, likita ya hana ta taɓa ruwa, sai ta koma taimama. Dutsen da take yi da shi fari ne sumul, marigayi mahaifina ya tsinto shi a wajen Sakkwato lokacin yana tuƙa motar siminti.

Wata rana ina goge mata shi na juya bayansa, na ga wani abu a naɗe kamar katantanwa. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Inna, wannan ai dabba ce ta mutu a ciki."

Ta ce, "Mushe ke nan? Wata biyu ina shafa mushe ina salla?"

Ranar ko koko ba ta sha ba. Tana kwance tana ƙirga sallolin da yatsu, ni kuma na ji kamar in tsinke harshena.

Washegari na saka dutsen a aljihu, na ratsa mahaɗar Bata zuwa Sabon Gari, wajen wani dattijon Ibo abokin mahaifina, wanda ya yi aiki inda ake fasa dutsen siminti. Ya sa tabarau, ya matsa lemon tsami a kan dutsen. Wurin ya yi 'yar kumfa.

"Farar ƙasa ce, ɗana," in ji shi. "Inda babanka ya tsince shi, da can teku ne. 'Yan halittun ruwa suka yi ta mutuwa suna kwantawa a ƙasa, ɓawo kan ɓawo, shekaru miliyoyi, har suka daskare. Naman ya tafi tuntuni, siffar ce ta rage."

A hanyar dawowa, Kantin Kwari duk sai ya zame mini ƙarƙashin ruwa. Atamfofin da aka rataye suna kaɗawa a hankali, 'yan dako suna wucewa kamar kifaye. Saura ƙiris ɗan acaɓa ya kwashe ni.

Na biya wajen malamin unguwarmu. Ya jujjuya dutsen ya ce abin da ya zama dutse ai dutse ne, kuma dabbar ruwa ko ta mutu ba najasa ba ce. Sallar Inna na nan daram.

Da na faɗa wa Inna, ta karɓe shi da hannu biyu, ta daɗe tana bin naɗin da babban yatsa. Ba ta taɓa ganin teku ba, iyakarta Zariya.

"Ikon Allah," ta ce. "Likita ya hana ni ruwan buta, ashe babanku ya ajiye mini teku a gefen gado."

Yau ba ta raye, dutsen yana wajena. Na rage saurin baki, kaɗan dai. In kewarta ta taso nakan ɗora tafina a kansa, kuma har yanzu da sanyi nake jin sa.