Zuwa Doguwa a Babur ɗin Kawu Sale

Daga sallar asuba muka bar Bebeji ranar Juma'a, ni da Kawu Sale a kan babur ɗinsa, da huhun goro ɗaure a baya. Ni ne wakilin ƙanena Habu, wanda za a ɗaura wa aure a Doguwa da an sauko daga masallaci. Uban amarya ya riga ya gargaɗe mu cewa shi ba ya jiran kowa.

Kafin Maiyaki

Tafiya lafiya lau har muka tsaya shan koko. Nan Kawu ya leƙa tanki, ya ɓata rai, ya zaro sukundireba daga aljihun babbar riga.

"Kawu, me ya lalace?"

"Babu. Zuƙar mai yake kamar na ubansa. Bari in ɗan matse kafireto."

Kawu dai manomin masara ne. Iliminsa na kanikanci bai wuce zaman hira a bencin gareji ba. Ya murɗa 'yar ƙusar da ke daidaita mai da iska, ya kasa kunne kamar likita, ya ce yanzu babur ya yi hankali.

Tudun Wada

Hankalin da ya yi shi ne tari da shessheƙa. Da ya mutu a bakin tasha sai jama'a suka yanyame mu, ashe duk garin kanikawa ne. Mai rake ya ce iska ta yi yawa, ya murɗa dama. Mai faci ya ce ƙarya ne, ya murɗa hagu. Har wani dattijo da ke kan hanyar zuwa gaisuwar mutuwa ya ajiye sandarsa ya ba da tasa gudummawar. Bakaniken gaskiya yana tsallaken titi, na roƙi Kawu mu je, ya ce ai su waɗannan buɗe mai suke yi don sun haɗa baki da masu sayar da fetur.

Falgore

A hawan farko cikin dajin injin ya ɗau zafi, salansa ta saki wata ƙara, tau! kamar bindiga. Shanun wani Bafulatani suka watse, wata mota da ke bayanmu ta juya da gudu. Bafulatanin ya fito daga bayan bishiya, ya dube mu sama da ƙasa.

"Baba, wannan abin hawa ne ko na farauta?"

Daga nan babur bai ƙara tashi ba. Kawu ya riƙe kan babur, ni ina turi cikin sabuwar shadda, ina jin kiran sallar Juma'a daga wani ƙauye. Wallahi sai da na yi ƙwalla don takaici.

Doguwa

Mun shiga bayan la'asar, an naɗe tabarmi. Uban amarya ya karɓi gaisuwarmu a tsaye, ya ce tunda abin bai dame mu ba, a bar maganar sai bayan kaka. Habu, wanda ya riga mu zuwa, ya juya ya shige ɗakin abokinsa.

Ina tsaye riƙe da goro sai Kawu ya taɓo ni, ya buɗe tanki yana murmushi.

"Leƙa ka gani, ɗan nan. Ko rabi ba mu ƙona ba."

Washegari muka dawo Bebeji a bayan motar masara, babur a kwance kan buhuna. Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, na gode wa direban da ya ɗauko mu. Kawu kuwa yana can majalisa yana ba da labarin yadda ya je Doguwa ya dawo da mansa, Habu kuma har yau gwauro ne.