Inna da firjin Talata Mafara

Inna ta buɗe firjin hannu da na sayo mata a Talata Mafara, ta tarar zoɓon da take sayarwa ya yi tsami. Na ce mu haƙura, kayan hannu ba a mayarwa.

Sai ta sa aka ɗora firjin a mota daga garinmu Maradun har shagon mutumin da ya sayar min da shi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, kai ka ce lahiya lau yake. Ban zo faɗa ba, maganarka na maido maka."

Ya sunkuyar da kai. "Hakkinki ne, Inna. Ki zaɓi wani."

Sai da ta ji sanyin wanda ta zaɓa da hannunta sannan ta tashi.

Ranar na koyi neman hakki ba tare da ɗaga murya ba. Ku wa ya koya muku?