Neman Asalin Mutumin Majigi

Lokacin da nake koyarwa a elementare ta Wurno, zamanin Turawa, motar majigi takan zo mana jefi-jefi. Cikin hotunan da ake nunawa akwai wani gajeren mutum mai fitowa a matsayin manomi mai taurin kai, wanda ba ya jin shawarar malamin gona. Da ya leƙo, fili sai ya kaure da dariya. Mutanen gari sun haƙiƙance namu ne, don tsagar fuskarsa irin ta ƙasarmu ce.

Ana nan sai wata jarida ta buga labarinsa, ta ce haifaffen Kano ne. Hedimasta ya ajiye mini ita a kan tebur ya ce, "Malam, kai ne gwanin alƙalami. Rubuta musu su gyara." Na ce ba zan rubuta ba sai na tabbatar da kaina. Da na san wahalar da na jawo wa kaina, da na kama bakina.

Na fara da wani tsohon majemi da ake cewa ya san kowa a Wurno. Ya ce, "Yaron ga? Nan anka haife shi, bayan gidanmu. Ubanai maƙeri ne." Ban gama rubutawa ba sai wanzamin da ke zaune kusa da shi ya tsoma baki.

"Wane maƙeri? Masunci ne, kuma a Rabah sunka zauna."

Suka kaure da gardama, suka manta da ni gaba ɗaya.

Ranar hutu na hau keke na nufi Rabah. Aka haɗa ni da limamin unguwar masunta, wanda aka ce yana rubuta sunan duk jaririn da ya raɗa wa suna. Raina ya yi fari, na ce yau dai ga takarda. Ya jawo wani akwati ya buɗe. Gara ta cinye rabin takardun. A cikin waɗanda suka tsira muka sami sunan mutumin har sau uku, babu shekara, babu sunan uba.

Na ce, "Allah gafarta malam, wanne ne a ciki?"

Ya ce, "Ɗaya daga cikinsu, in Allah ya so. Amma uwatai ɗiyar Kagara ce, can ƙasar Goronyo. Tahi can."

Damina ce, gulbin Rima ya kawo. Na ɗora keken a kwalekwale, na tsallaka, na tura shi cikin taɓo har ƙafafuna suka yi tsami. A Kagara aka nuna mini ƙanwar mahaifiyarsa, wata tsohuwa tana ɓarar wake a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Shekarar fara anka haife shi."

"Wace farar, Inna? Ai fara ta zo ba sau ɗaya ba."

"Wadda tac ci geronmu."

Na haɗiye fushina na tambaye ta wurin. Ta ce uwar ta taso daga Rabah za ta gida goyon ciki, naƙuda ta kama ta a hanya, gindin wata tsamiya. Na ce ƙasar wane gari ce? Ta dube ni kamar mai taɓin hankali ta ce, "Ɗana, mi kaka so da wanga? Ƙasar Allah ce." Kafin in tashi, kawun mutumin majigin ya shigo ya ce wanda aka haifa a hanya ba shi ba ne, yayansa ne, kuma ya rasu tun yana goye. Na koma Wurno da zazzaɓi, littafina cike da maganganun da ke ƙaryata juna.

Da rani sai ga mutumin da kansa ya biyo motar majigi. Na same shi da hantsi a bakin kasuwa, yana shan rake, jama'a sun kewaye shi. Na tambaye shi batun Kano. Ya ce mai jarida ya tambaye shi inda ya fito, shi kuwa ranar daga can ya fito.

"To, ina aka haife ka?"

"Wallahi malam, ran nan ina ƙarami ƙwarai, ban lura ba."

Ya karɓi littafina, ya tsuke fuska, ya shiga kwaikwayon yadda nake lasar fensir. Kasuwa ta ɗauki shewa. Abu ɗaya na samu daga bakinsa: mahaifinsa yana su da damina, yana ƙira da rani.

Na zauna na rubuta wasiƙa mai shafi biyu. Na faɗi abin da na tabbatar, na bayyana cewa mahaifarsa kam ban gano ta ba. Bayan wata guda jaridar ta fito da layi ɗaya tak: wani malami ya tabbatar cewa haifaffen Wurno ne. Mutane suka riƙa tare ni a hanya suna sa mini albarka, majemin nan har da aiko mini da buzu. Na sake rubuta musu sau biyu cewa ban faɗi haka ba. Ba su amsa ba.