Muryar Inna a Akwatin Ƙarfe

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi, na buɗe ɗan shago a Batsari ina haɗa wa mutane shafukan intanet, ina kuma ajiye musu. Makarantu masu zaman kansu, ƙungiyar manoman wake da wani mai sayar da maganin dabbobi, su ne kwastomomina. Masu irin sana'ata a birni hayar wuri suke yi a manyan na'urorin ƙasashen waje. Ni ma da haka na fara, amma mutanenmu ba sa ba da ajiya inda ba su ga rumbu ba. Duk wanda na ce wa kayansa suna Turai sai ya ce, "To in ta ɓaci, ƙofar wa za ni buga?"

Shi ya sa na sayo tawa na'urar, wadda ake ce wa saba, wani akwatin ƙarfe mai ƙugi. Na haɗa mata sola da fanka, ni ina zufa ita tana shan iska. Wakilin kamfanin da ya sayar mini ya cika ni da romon baka. Wai ko tari ta yi, daga ofishinsu za su shiga ta intanet su gyara. Sharaɗinsu kawai kada in taɓa hatimin da suka liƙa mata. Na dawo gida ina tafiya kamar na sayi jirgi.

Akwai abokina, malamin firamare daga wani ƙauye a bayan Runka. Mahaifiyarsa, da duk muke kira Inna, ita kaɗai ta rage da ta iya waƙoƙin daka da na gayya irin na kakanninsu, ga jero sunayen dangi har inda ba wanda ya sani. Ya daɗe yana ɗaukar muryarta a waya. Da hare-hare suka yi yawa a yankinsu, sai ya kawo mini duka ya ce in buɗe wa ƙauyensu shafi, don yaran da suka watse su riƙa ji. Ya leƙa na'urar ya ce, "Gani ya kori ji. Nan dai na san inda na aje ta." Ba a jima ba 'yan bindiga suka tare shi a hanya suka ƙwace wayar. Abin da ke wurina ya zama shi kaɗai ne.

Sai aka ɗauke sabis a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Na ce ba komai, in ya dawo shafuka su dawo. Ashe na'urar tana da wani hali da wakilin bai faɗa mini ba: dole ta riƙa gaida kamfaninsu lokaci-lokaci ta intanet. Da ta ji shiru ya yi yawa, ta ɗauka sace ta aka yi, ta kulle duk abin da ke cikinta.

Na shiga bas zuwa Katsina don in samu sabis in kira su. Wata mai sanyin murya ta ce in haɗa na'urar da intanet su duba. Na ce babu intanet a garinmu. Ta ce to in shiga shafinsu in shigar da ƙorafi. Na ce a turo injiniya. Ta tambayi sunan garin, na ji tana danne-danne, sannan ta ce ma'aikatansu ba sa zuwa wannan yankin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin sayarwa ba wanda ya tambaye ni ko garinmu lafiya.

Da na ga ba sarki sai Allah, na naɗe ta da bargo, na rungume ta a bayan bas tsakanin buhunan wake har Katsina, don in haɗa ta da intanet. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ramukan hanya sun girgiza ta, da na kunna sai faifan ajiyarta ya riƙa ƙas-ƙas. Duk da ban taɓa hatimin ba, kamfanin ya ce tunda na ɗaga ta ba da izininsu ba, sun zare hannunsu. Wani mai gyara ya ce zai iya buɗe ta, amma abin ciki a kulle yake, makullin kuma yana wurinsu. Na kira wakilin har na gaji. Daga baya na ji ya bar aikin, su kuma sun daina ƙera irinta.

Ana cikin wannan jele Inna ta rasu, a ɗakin aro inda suka yi gudun hijira, nesa da ƙauyenta. Da na je gaisuwa, bayan an shafa addu'a abokina ya ja ni gefe ya ce, "Mi suka ce?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Allah shi kyauta. Kai ma ka yi ƙoƙari." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sabis ya dawo, makarantu sun sake shafukansu a wani wuri, ni kuma na rufe shago na koma gona. Abin da na gane shi ne, alƙawarin waɗannan kamfanoni yana ƙarewa ne inda kwalta mai kyau ta ƙare. Mu da muka fi kowa bukatar wurin ajiya, mu ne ba a lissafa da mu ba, kuma ban ga alamar hakan zai canza ba.

Kwanaki muna zaune da abokina, ƙaramar 'yarsa ta ce ya yi mata waƙar kaka. Ya ɗauko baitin farko daidai, ya tsaya, ya sake ɗaukowa da wani kari daban. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai da ka ji ta, haka take yi ko?" Na ce haka ne. Wallahi ni ma ban tuna ba.