Rigar Malam a Zauren Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da 'yar ƙanwata mai karatun zane-zane a jami'a. Uwarta ce ta ce in raka ta Kebbe ta nuna aikinta na kammala karatu. Na tambaye ta ko fim ne, ta ce, "Kawu, bidiyo ne, amma ba fim ba ne." Na gyaɗa kai kamar na gane.

Kayanta suka ƙara rikita ni: na'urar haska hoto, batir, ƙore biyu da tsohuwar tabarma. Direban bas ya tambaya ko ƙaura muke yi, ya sa muka biya wa kayan kujera guda. A Dogon Daji muka ci ƙosai mai zafi. A Tambuwal, muna shan fura mai nonon gaske, yarinya ta ce bara ta ɗauki bidiyon wani dattijo a Kebbe yana ba da labarin shekarun samun 'yancin kai, lokacin da motar majigin gwamnatin Jihar Arewa ta zo garinsu. Tana so ya ga aikin kafin malamanta. Daga nan muka hau babura, ina rungume da ƙore, ramuka suna ta jijjiga mini ƙugu.

Bayan azahar muka isa gidan dattijon, aka ce ai Malam ya rasu tun da bazara. Na ce mu yi gaisuwa mu juya, sai matarsa, wata tsohuwa, ta ce, "Kun taho tun daga Sakkwato ku koma hakanan? A nuna, ɗiyata, in gani."

Aka rufe ƙofar zaure ya yi duhu. Yarinya ta haska hannuwan mamacin a bayan ƙwarya, ƙafafunsa a tabarma. Na rasa inda zan duba. Da aka zo kan fuska sai ta ga ta manta farin ƙyallen da za ta haska fuskar a kai a cikin bas. Tsohuwar ta shiga ciki ta fito da farar rigar mijinta, aka rataye a ƙusa.

Fuskarsa ta fito a ƙirjin rigar, kusa da aikin wuya, yana magana. Iska ta shigo ta ƙasan ƙofa, rigar ta motsa. Wani maƙwabci ya yi salati ya fice ba takalmi. Ni ma ban san ko addu'a zan yi ko kallo ba.

Tsohuwar ta saurara yana cewa shi ya zauna a gaba ranar majigi. Sai ta ce, "Ƙarya shika yi! Gudu ya yi ya ɓoye cikin rumbu. Ni ce na kalla, na ba shi labari." Tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Sau uku ta sa aka maimaita. Yarinya ta roƙi aron rigar don malamanta, tsohuwar ta ce a'a, wannan ba ta barin gida.

A Tambuwal muka kwana, washegari da hantsi muna Sakkwato. Na buɗe akwatin da nake ajiye rigar mahaifina, na tuna ba ni da muryarsa ko ta minti guda. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Da la'asar na ɗauki waya na tafi wurin mahaifiyata, na ce ta ba ni labarin aurensu in naɗa. Ta ce in ajiye wannan abin in ci tuwo tukuna.