Abin Da Ke Cikin Babbar Ƙwarya

Na yi ritaya, abubuwa da yawa na aiki sun shige mini duhu, amma ranar da Malama Ratna ta ajiye mini wani fom a kan tebur idonta jawur, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka kama aikin koyarwa kwanan nan, ku ba ni aron kunnenku.

Lokacin ina mataimakiyar shugabar makaranta mai kula da harkar karatu, a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a Kalgo. Ga wanda bai san tsarin ba, duk takardar da ta shafi ɗaliba sai ta bi ta teburina kafin shugaba ta sa hannu. In an yi kuskure ya wuce, ni za a tuhuma.

Malama Ratna 'yar ƙasar Indunusiya ce, ta zo mana aikin shekara biyu tana koyar da bayoloji. 'Yar ƙaramar mace, Musulma, mai magana ƙasa-ƙasa kamar tana tsoron tada mai barci. Komai namu abin kallo ne a wurinta. Makonta na farko ta same ni da damuwa, wai me ya sa kowa yake tambayarta gajiya, ko an ga alamar ba ta da lafiya ne? Yajin da ke sa mu hawaye kuwa, ita da cokali take ɗiba. Da la'asar sai ta zagaya bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ta tsaya tana kallon fadama, shinkafa ta yi kore shar, balbelu na sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mini in ta lumshe ido sai ta ji kamar tana ƙauyensu, kamar yanzu mahaifiyarta za ta ƙwala mata kira. A can ta baro 'yarta guda ɗaya tilo, Nur, kuma ko ta katanga muna jin ta a waya: Nur kaza, Nur kaza, sunan ba ya barin bakinta.

Wannan son kiran suna har cikin aji ta kai shi. Cikin mako biyu ta haddace rajistar ajinta kaf. A ganinta, in kana son mutum, sunansa za ka kira.

A zangon farko na shekararta ta biyu wata gidauniya ta ba makarantarmu gurbi ɗaya na ɗaukar nauyin ɗaliba har ta gama jami'a. Ba a yi gardama ba, Hafsatu Umaru aka zaɓa, 'yar aji shida, daga wata ruga da ke gefen Gwandu. Mahaifinta ya rasu tun tana aji biyu. Ƙa'idar gidauniyar ita ce uwar aji ta je gidan ɗaliba da ƙafarta, ta cika wani gurbi a fom: shin iyaye suna goyon bayan karatun? In aka rubuta a'a, an cire yarinya ke nan, don ba sa son su fara da wadda za a janye a tsakiyar hanya. Uwar ajin su Hafsatu kuwa Malama Ratna ce.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba na ɓoye shi. Ni ya kamata in raka ta. Aikin jarrabawa ya sha kaina, sai na haɗa ta da direban makaranta, na ce Hafsatu ta yi mata tafinta.

Ranar Alhamis ta kawo fom ɗin, Litinin kuma za a rufe karɓa. Na duba gurbin, na ga ta rubuta babu goyon baya. Wurin dangwala yatsan uwa ma fayau yake.

Na ce, "Malama, me ya faru?"

Ta ce, "Hajiya, na faɗa wa matar nan 'yarta ta fi kowa a makaranta. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta san komai a kanta ba, a tambayi kakarta. Sau uku tana cewa waccan. Waccan, Hajiya! Kuma Hafsatu ce take fassara mini da bakinta, kanta a sunkuye. Na kasa zama, na tashi. Ba zan rubuta ƙarya ba, ko da ina son yarinyar."

Raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Na tambaye ta ko Hafsatu ce babba a ɗakinsu. Ta ce ita ce. Na ce, "Shekara guda muna tare. Kin taɓa jin na kira sunan ɗana na fari?" Ta ce ita ta ɗauka Babangida ne sunansa. Na ce mata wannan laƙabi ne, sunan nasa na yanka ban taɓa furta shi a gaban mutane ba, kuma da za a ce in ba da idona ɗaya saboda shi, ba zan tsaya shawara ba. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari gwargwadon iyawata. Ta saurara da ladabi, amma na ga bayanin bai shige ta ba. Ta ce ita abin da ta gani da idonta ta rubuta.

Na shiga wurin shugaba na nemi mota ranar Asabar. Ta ce, "Ki gyara fom ɗin mana da kanki." Na ce sa hannun uwar aji ake so, kuma matar nan ko za a yanka ta ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta yarda da shi ba. Shugaba ta ba da mota.

Muka kama hanya da sassafe, mu biyu da direba, ban da Hafsatu. Ƙarshen damina ne. Ruwa ya kwanta a fadama har ba ka gane inda ya ƙare da inda sama ta fara, furen bado ya buɗe fari fat, wani masunci yana tsaye cikin kwalekwale kamar an dasa shi. Malama Ratna ta jingina kai da gilashi tana kallon fadamar har muka wuce Birnin Kebbi. Bayan Gwandu muka sauka daga kwalta muka bi burtali, gero ya yi kai ta ko'ina, ƙamshin ɗanyar ciyawa da na shanu ya cika motar.

Uwar Hafsatu na ganin mu ta shimfiɗa tabarma, ta gaishe mu, ta ɗauki ƙwarya ta yi wajen garke. Kakar ce ta zauna da mu, tsohuwa mai ido tar.

Ta ce, "Wagga ba ita ta baƙuwar da taz zo ran nan ba? Ta tahi ko hura ba ta sha ba."

Na ce, "Ita ta, Inna. Gani ta yi awa uwar Habsatu ba ta son ɗiyarta."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ɗiyar hwari ta fa. Mi kuke so ta yi? Ta tsaya gaban baƙi tana yabon ta awa marar kunya? Ku taso ku gani."

Ta kai mu bukkar uwar. Ciki da sanyi da ɗan duhu, hasken rana na tsiyayowa ta tsakanin ciyawar jinka. Ga jeren ƙorai nan a kan gado, farare tas, irin waɗanda mace ba ta bari kowa ya taɓa mata. Tsohuwa ta miƙa hannu ta sauko da babbar, ta ɗaga faifai. Littattafan rubutun Hafsatu ne a ciki, tun na firamare, da takardun sakamakon jarrabawa, an naɗe su cikin zane sabo. Suna ƙamshin hayaƙi da man shanu. Na sama duk rubutun jan biron Malama Ratna ne.

Tsohuwa ta ce, "Ba ta iya karatu ba. Amma in hantsi ya yi, an tahi kiwo, nan take zama tana buɗa su ɗaya-ɗaya. Ni ko sai in yi awa ban gani ba."

Na fassara wa Malama Ratna. Ta durƙusa a gaban ƙwaryar ta daɗe, ba ta taɓa komai ba.

Da muka fito, uwar ta dawo da nono mai ɗumi, aka dama mana fura. Na ciro sabon fom da tawadar dangwale, na yi mata bayani. Ba ta dube ni ba, Malama Ratna ta duba. Ta nuna mata saman takardar, ta ce, "Ke Malama bakinki ba shi da nauyi. Mi anka rubuta nan bisa?"

Wannan kam Malama Ratna ba ta jira tafinta ba. Ta ɗora yatsa a kan layin, ta karanta a hankali: "Hafsatu Umaru."

Matar ta juya fuska wajen shanu. Iska ta kaɗa karan gero, wani maraƙi ya yi kuka daga nesa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sake hwaɗi."

Malama Ratna ta sake faɗa.

Sai matar ta tsoma yatsa a tawada. Gurbin dangwale yana can ƙasan takarda, na nuna mata, amma ta kai yatsan kan sunan ta danna, ta bar shi a wurin. Sai da na roƙe ta ta ƙara wani a inda ya dace. Ta ce, "Waccan yarinya, duk inda karatu nata ya kai, ku kai ta."

A kan bayan mota Malama Ratna ta cika gurbin ta sa hannu. Wannan karon ta shanye furarta tas. A hanyar dawowa rana ta yi ja a kan ruwa, ta ce da ni, "Ni ina kiran sunan tawa sau ashirin a yini, ga teku tsakanina da ita."

Fom ya isa ranar Litinin da dangwale biyu. Na haɗa da 'yar wasiƙa cewa tawadar da ta rufe sunan ba ɓarna ba ce, na sake rubuta shi a sama da manyan baƙaƙe. Hafsatu ta samu gurbin.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne gurbin fom ƙarami ne, gidan mutane kuwa yana da faɗi. Malama Ratna ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta rubuta, kuma da wannan gaskiyar tata saura kaɗan mu rufe wa yarinya ƙofa. Duk malamin da aka tura gidan ɗaliba, baƙo ne ko ɗan gari, kar ya tashi daga tabarma da wuri. Mu kuma da muka san gari, kar mu tura baƙo shi kaɗai.

Ranar da za ta koma ƙasarsu, ta tsaya a ƙofar ofishina da jakarta, ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, ki gaishe mini da wancan yaron naki." Na ce zai ji. Ta ce ita ma za ta gaishe mini da waccan.