Man da Na Shafa wa Keke

Gara in faɗa da bakina kafin abokan tafiyata su riga ni, don na ga bakinsu yana ƙaiƙayi: a wannan labari ni ne wawan. Kuma ba wawa kara-zube ba, wawa mai satifiket. Na yi wata tara a ajin yaƙi da jahilci, ina rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba, ina da keke, ina da fensir a bayan kunne. A unguwarmu ta Bagudo, in wasiƙa ta zo ni ake nema.

Tun da damina ta kankama bayana ya riƙe. Wata uku ina salla a zaune, goshina bai taɓa ƙasa ba, sai dai su gaisa daga nesa. Barci ya yi mini ƙaura. Fushi kuwa, kaza ma in ta yi kuka sai in ji kamar da ni take.

Mai ɗakina tana da sana'ar da ta gada wurin uwarta. Tana narka man kaɗe da kanumfari da citta da ganyen ɗoɗɗoya da ɓawon lemu, ta tace, ta zuba a ƙananan ƙoƙuna, kowanne ta yi masa zane uku da wuƙa mai zafi a gindi. Wata safiya ta ɗumama ɗaya ta kawo, ta ce in kwanta ta tausa mini. Na gyara fensir na ce, "Ke, ƙasa ta sami mulkin kai, ke kina nan kina dakan kanumfari? Ciwon zamani allura yake so." Da ma nan na tsaya. Sai na ɗauki ƙoƙon na fita ƙofar gida, gaban maƙwabta, na shafe sarƙar kekena da shi tas, ina cewa ga inda ya dace. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, hannuna da bayanka sun yi sallama." Tun daga ranar tuwo yana zuwa, gaisuwa tana zuwa, shi ke nan.

To, sai na ji labarin wani ɗakin shan magani a ƙasar Dahome, kusa da iyaka, inda aka ce akwai allurar Faransa mai miƙar da baka ya zama kibiya.

Mun tashi da asuba ranar Talata, mu uku: ni da wani mai goro da wani mai busasshen kifi. Keken ban iya hawa ba, sai aka ɗora ni a jaki kamar buhun gero. Da hantsi muka isa bakin Kwara. Ruwa ya cika ya batse, fadamu sun yi kore shar da shinkafa, masunta na shanya taru. Mai kwalekwale ya karɓi sisi a kaina, sule a kan jaki. Na tambaye shi dalili, ya ce jaki ya fi ni nauyi, amma ni na fi shi ƙorafi, don haka in yi shiru kafin ya daidaita kuɗin. Na yi shiru.

Hanyar ƙetare yashi ce da burji, sai gonakin dawa da ta sunkuyar da kai. A Lafagu muka sha fura da nonon da ya yi kauri har ludayi yana tsayawa a ciki. Wajen Geza muka kwana gidan wani abokin mai goro, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da kan kifi. Mutanen kirki, sai dai kowa ya gan ni a karkace sai ya ba ni magani. Wani ya ce tsaga, wani ya ce ƙaho, wata tsohuwa ta ce tausa da mai. Duk na saurare su da irin murmushin da mai ilmi yake yi wa talakawa.

Abu ɗaya ya dame ni a hanya. Duk sanda iska ta kaɗo daga kayan mai goro, sai in ji kamar ina tsakar gidana. Na ce wa kaina kewa ce.

Iyakar da nake zaton zan tarar da ganuwa da ƙofa, ashe wani dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa, sai rumfa da jandarma, wato ɗan sandansu, mai gajeren wando yana gyangyaɗi ƙarƙashin sabuwar tuta. Su ma sun sami mulkin kansu, sun ma riga mu da 'yan makonni. Na fiddo satifiket ɗina na miƙa masa. Ya riƙe shi kai a ƙasa, ya jinjina, ya mayar mini, ya karɓi goro biyu wurin abokina. Na lura goron ya fi takardar aiki.

Garin da muka sauka na kasuwa ne. Dandanci da Fulatanci da Hausa duk a cakuɗe. Gishiri da atamfa sun fi namu araha, goro kuwa ya fi tsada. Suna da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, waje ƙarau, ciki iska. Na ci rabi, rabin na dogara da shi.

Malamin ɗakin shan maganin saurayi ne mai farar riga, ya yi karatu har birnin bakin teku. Ya danna bayana nan da can, ya sa na ɗaga ƙafa, ya ce ba karaya, ba ƙari, jijiyoyi ne suka ɗaure. Na ce to a kawo allura. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ni da allurar wannan. Ga ƙwaya ta rage zafi. Amma ka gangara bakin rafi ka tambayi tsohon da ke tausa wa masu tuƙin jirgi. Ni ma can nake zuwa in wuyana ya sage." Na dubi farar rigar, na dubi kwalaben da ke bayansa, na ji kamar an ƙwace mini fensir.

Tsohon ya girme ni nesa, hannuwansa kamar saiwar tsamiya. Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar mangwaro bayan azahar, ya ce in tuɓe riga in yi rub da ciki. Ya ɗauko wani ƙoƙo da ya ajiye a rana, ya lakato mai, ya murza a tafinsa, ya kawo mini gaban hanci.

"Shaƙa sau uku tukuna," in ji shi. "Hanci ke buɗe wa jiki ƙofa. In zuciya na ɗaure, baya ba shi kwancewa."

Na shaƙa. Jama'a, a ta farko na ji kanumfari. A ta biyu na ji citta da lemu. A ta uku sai ga ni ina ɗan shekara bakwai, ina zaune a dokin ƙofa, innata tana tausa wa babana baya bayan ya dawo noma, yana gurnani tana yi masa tsiya. Shekara hamsin ban tuna wannan ba. Tsohon ya fara daga kafaɗa, yana bin gefen ƙashin baya da babban yatsa, sannu, inda ya tarar da ƙulli ya tsaya a kai har ya saki. Da fari na yi ihu, mata masu wanki suka waiwayo. Can sai ɗumi ya ratsa ni, numfashina ya yi tsawo, na ji haƙorana sun daina cizon juna, abin da ban ma san suna yi ba. Sai hawaye. Ni, mai satifiket, ina jiƙa tabarmar mutane. Tsohon ya ci gaba da aikinsa.

Da na sami bakin magana na ce, "Baba, wannan mai daga Faransa ake kawo shi?"

"Wace Faransa? Daga wajenku yake hitowa. Wata mata ta Bagudo ke yin shi, wanga mai goro da kuka zo tare shi ke kawo mini." Ya juya ƙoƙon don ya ƙara lakata, sai idona ya faɗa kan gindinsa. Zane uku.

"Hannunta na da albarka," ya ci gaba, yana danna ƙuguna. "Amma an ce Allah ya jarrabe ta da miji. Wai ya ɗauki man ya shahe wa keke. Duk masu jirgin nan sun san labarin. Kai da kake ɗan garin, ka san shi?"

Fuskata tana cikin tabarma, kuma ban taɓa gode wa tabarma kamar ranar ba. Na ce, "Na san shi sama-sama."

"In ka koma ka gaishe shi. Ka ce ina tambaya, keken ya samu sauƙi?"

Barci ya kwashe ni a wurin har la'asar ta yi sanyi. Da na tashi na yi alwala, na yi ruku'u a hankali, na sauka, sai ga goshina a ƙasa. Na daɗe a sujadar nan, rabi godiya, rabi kuma ban san da wace fuska zan ɗago ba. Ciwon bai tafi duka ba. Tsohon ya ce sai an yi mako uku ana yi kullum, kuma ya ƙara da cewa mutum ba ya tausa bayansa da kansa, in nemi hannun da ya damu da ni.

A nan ne ya kamata wauta ta ƙare, amma tawa mai dogon numfashi ce. Na sayi ƙoƙo ɗaya wurinsa, ninki uku na yadda take sayarwa a gida. Na samo wata kwalba mai rubutun Faransanci a kasuwa, na narka man a rana, na ɗura, na jefa ƙoƙon a rafi. Mai goro yana kallona. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini abin da ke cikin kayansa. Ya ce, "Malam, kai ke da ilmi, ni mi na sani?" Daga nan har Kwara shi da mai kifi ba su dubi juna ba, don kada su fashe.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Ƙamshi mai kyau da hannu mai haƙuri suna kwance abin da ke cikin jijiya, suna kwance na cikin ƙirji ma. Mai farar riga na gaske ba ya raina abin da ya ga yana aiki, mu masu wata tara ne ke rainawa. Kuma labarin wauta ba ya tsayawa wurin jandarma.

Mun shigo Bagudo da safiyar Lahadi, da ɗan sanyi-sanyi. Na tarar da mai ɗakina tana tankaɗe. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Na fiddo kwalbar da ƙasaita na ce, "Ga maganin Faransa. Likita ya ce a riƙa shafawa ana tausawa, kuma wai sai hannun iyali. Umurnin likita ne, ba roƙo ba."

Na buɗe na karkata a tafina. Ko ɗigo. Na girgiza, na bubbuga gindinta. Man kaɗe ya sha sanyin hanya ya daskare, bakin kwalba kuwa ko ɗan yatsa ba ya shiga. Abin da kowace yarinya a garin nan ta sani, shi ya sa ake zuba shi a ƙoƙo.

Ta karɓa, ta jingina ta kusa da murhu. Muka zauna muna kallonta. Kaɗan-kaɗan man ya fara sakin jiki, ƙamshin kanumfari da ɗoɗɗoya ya cika tsakar gida. Ta ɗauka, ta shinshina sau ɗaya, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ashe har Faransa sun san hannuna," in ji ta. "Shimfiɗa tabarma, Malam. Amma ka yi haƙuri ka bi layi, keke ya riga ka zuwa."